Ranar da Malam Arzika Ya Gwada Jirginsa na Batir

Malam Arzika ya shekara talatin da biyar yana aikin wutar lantarki a birni, yana hawa falwaya yana sauka, har ranar da aka miƙa masa takardar ritaya da agogon bango. Ya tattara nasa ya nasa ya komo garinsu, Tungar Makau, wani ƙauyen masunta da ke gaɓar kogin Kwara, a daidai inda ruwa ya yi faɗin da mai tsayuwa a wannan gefe ba ya shaida mai tsayuwa a wancan. Mutanen gari suka yi masa maraba yadda ya kamata, suka kuma laƙaba masa suna Injiniya. Shi dai ya ɗauki sunan a matsayin girmamawa tsantsa, ba wanda kuma ya ga dalilin gyara masa fahimta.

Cikin abin da ya gada daga mahaifinsa akwai ƙaramin jirgin katako mai ɗaukar mutum shida. A tsakiyarsa akwai doguwar gora a kafe, jikinta kuwa ana ɗaura wani makeken ƙyalle na buhunan gishiri da aka farke aka ɗinke, wanda mutanen gaɓa ke kira zanin jirgi. In akwai iska, sai a ware zanin ta tura jirgi. In babu, ko mutum ya ɗauki filafili ya tuƙa da ƙarfinsa, ko ya zauna ya jira. Wannan jiran ne Malam Arzika bai iya ba.

Ya ce wa matarsa Gwamma, "A ce mutum da iliminsa, da takardunsa, ya zauna bakin ruwa yana duban ganyen bishiya ko ya motsa? Ni na gama jiran iska."

Ta ce, "To Malam, ka sayi injin fetur mana, irin na mutane."

"Hayaƙi da ƙara da wari? Allah ya kiyaye. Rana ce za ta tuƙa ni."

Bai tsaya ga magana ba. Ya sauko da gorar nan ya yanka ta gida uku, aka kai madafa. Ya je birni ya dawo da faifan sola biyu, da batir mai nauyin ɗan maraƙi, da wani ɗan inji mai farfela wanda ba ya shan komai sai wuta. Ya haɗa wa faifan ƙafafu na ƙarfe, ya shimfiɗa su a gaban jirgi, tsayinsu daidai ƙugun mutum. Mai shagon ya so ya haɗa masa da agogon da ke nuna ƙarfin da ya rage a batir, Malam Arzika ya ce wannan na 'yan koyo ne, shi lissafinsa ya ishe shi. Zanin jirgi kuwa ya naɗe shi ya kulle a ɗakin ajiya, don kada wani ya ce yana dogara da shi a ɓoye.

Washegari Gwamma ta ce, "Malam, Inna ta aiko tana tambayar zanin nan."

Inna Tumba ita ce mahaifiyar Gwamma, tsohuwa ce da ta haura tamanin, ba ta kuma daina sana'arta ba, wato shanya warangi, ƙananan kifin nan masu kama da yatsan jariri, ta kai kasuwar tsallake. Tun da Malam Arzika ya auri autarta, shekara talatin da 'yan kai, bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa kama sunanta ba, in ya hango ta a hanya sai ya ratse ya durƙusa. Ita ma haka, ba ta taɓa ce masa kai ba. In magana ta kama, sai dai ta bi ta bakin wani.

Ya ce, "Me Inna za ta yi da tsumman buhu? Ki ce mata in an kwana biyu zan sayo mata atamfa."

Gwamma ta buɗe baki za ta yi bayani, ya riga ya fice da sukurdireba a hannu.

To, a garin akwai ƙa'ida tun ta kaka da kakanni: ba mai ɗaukar fasinja a jirgi sai Sarkin Ruwa ya shiga da kansa, an tsallaka da shi, ya ce ya yarda. Sarkin Ruwa na lokacin, Bagudu, sa'an Malam Arzika ne, tare suka yi wasan ƙasa, amma shi bai taɓa barin gaɓa ba. Ya zo ya kewaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa faifan da ɗan yatsa, ya leƙa ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Injiniya, ina zaninsa?"

"Ba ya bukata, ranka ya daɗe."

"Ina tankin mai?"

"Ba ya sha."

"To me yake ci?"

"Rana."

Sarkin Ruwa ya daɗe yana shafa gemu. Daga bisani ya ce, "Madalla. Ranar Alhamis kasuwa take ci a tsallake. Ka kai ni. In filafili ya taɓa ruwa, ko wani jirgi ya ja mu, to ba izni, jirginka sai dai ɗibar itace. In ka kai ni haka nan, ka ɗauki fasinja daga ranar."

Malam Arzika ya yi murmushin wanda aka tambaya abin da ya haddace. "Ranka ya daɗe, filafilin ma ba zan sa shi cikin jirgi ba."

Aka yi wannan magana gaban mutane fiye da ashirin, kafin azahar kuwa ta gama gari.

Ranar Lahadi ya wuni yana zagaye kusa da gaɓa, yana ɗaga wa mutane hannu, jirgi na tafiya sulululu ba ƙara ba hayaƙi, har farfela ta fara kasala. Wannan bai dame shi ba. Ya zaro biro ya yi lissafi a bayan ambulan: rana uku cur, Litinin zuwa Laraba, za su cika batir har ya yi saura. Abin da ya rage shi ne wurin da rana ta fi bugawa. Ya duba gaɓa daga sama har ƙasa, ya ga babu kamar wani fili mai farin yashi da babu bishiya ko ɗaya. Nan ya ja jirgin ya ɗaure. Filin nan kuwa shi ne mashanyar mata, nan Inna Tumba ke wuni.

Saboda haka tsakar rana ba ta taɓa samunsa a wurin ba. Yakan je da sassafe kafin mata su fito, ya koma bayan la'asar sakaliya in sun watse. Kullum ya tarar da faifan suna ƙyalli, an goge su tas, har sun fi yadda ya bar su. Ya ce wa Gwamma, "Kin gani? Mutanen garin nan sun fara sanin darajar kimiyya."

Ranar Alhamis ya fito cikin babbar rigar shadda fara, sabuwa fil, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa, faɗinta kamu bakwai in ba ta fi ba. Gaɓa ta cika. Sarkin Ruwa ya shiga ya zauna a baya. Ana shirin kwance igiya sai mutane suka dare, ga Inna Tumba da sandarta, bayanta mata biyu ɗauke da kwanduna shaƙe da warangi. Ba ta tambayi kowa ba, ta sa aka loda kayan, ta hau ta gyara zama a tsakiya.

Malam Arzika ya zube ƙasa, kansa a sunkuye. "Ranka ya daɗe, a gaida Inna. A ce mata yau gwaji ne."

Inna Tumba ta dubi Sarkin Ruwa. "Bagudu, ka gaya wa mijin Auta na ji an ce jirginsa ba ya jiran kowa. Ni ma masu saro ba sa jirana."

Ba yadda za a yi a sauke suruka daga jirgi gaban jama'a. Aka kwance igiya.

Farkon tafiya ba abin da za a kushe. Jirgi ya yanki ruwa shiru kamar agwagwa, mutanen gaɓa suka ɗauki sowa. Malam Arzika na riƙe da sandar inji da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana nuna wa Sarkin Ruwa hanyar da wuta ke bi daga faifai zuwa batir, daga batir zuwa farfela. Ya yi bayanin waya ja da waya baƙa. Ya faɗi shekarar da za a daina ganin zanin buhu a Kwara baki ɗaya. Sarkin Ruwa yana cewa "Ikon Allah" a duk inda aka dakata.

Sun kai tsakiyar ruwa, inda gaɓar da suka baro da wadda suka nufa duk suka zama zare, sai ƙugin injin nan, wanda da ma ɗan kaɗan ne, ya fara ja da baya. Farfela ta juya sau uku kamar mai neman gafara, ta tsaya.

Malam Arzika ya murɗa. Shiru. Ya kashe ya kunna. Shiru. Ya durƙusa ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana inda ya ɗaura ta.

Sarkin Ruwa ya ce, "Injiniya, ko ya ƙoshi ne?"

"Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe. Rana uku ya sha. Ga lissafin a aljihuna."

Ya rarrafa gaba, ya bi ta gefen Inna yana kawar da kai, ya kai ga faifan. Da ya sunkuya sai wani ƙamshi da ya sani tun yana yaro ya daki hancinsa. Ya sa farce cikin tsagar da ke tsakanin gilashi da ƙarfe, ya zaro busasshen warangi ɗaya. Ya sake zaro wani. Ya ɗaga su yana dubawa, bakinsa a buɗe.

Inna Tumba ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba. "Bagudu, karɓo mini, nawa ne. Ka kuma yi wa mijin Auta godiya. Da aka ɗauke zanin da nake shanya a kai shekara da shekaru, raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Ashe mafi kyau ya tanadar mini. Wannan baƙin faranti, ka zuba kifi da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙarau, ba yashi, ba sunkuyo. Allah ya yi masa albarka."

Malam Arzika ya sunkuyar da kai. A wurin aikinsa na da, ya taɓa tsayar da ma'aikata goma a rana saboda waya ɗaya da aka bari a kwance. Yanzu ga mai laifi a gabansa, ta amsa da bakinta, ba kuma halin ya ɗaga ido.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Inna, duka faifan biyu ake rufewa?"

"Ka ce masa ko wurin ajiye allura ban bari ba. Ni ba na almubazzaranci da rana."

"Duk kwana ukun?"

"Ka ce masa har jiya. Kuma kullum sai na sa an goge masa kayansa. Ba a ba ni aro in mayar da datti."

Sarkin Ruwa ya juya baya yana duban ruwa, kafaɗunsa na rawa.

Ruwa ya fara jan su a hankali zuwa kudu. Can sai ga wani babban jirgin fetur makil da 'yan kasuwa, matuƙinsa Jatau ya rage wuta ya matso. Ya ɗaga igiya sama yana kaɗawa.

"Injiniya! An ɗauke wuta ne? Ga igiya, ko sai an rubuto takarda daga ofis?"

Fasinjoji suka fashe da dariya. Sarkin Ruwa ya dubi Malam Arzika. Igiyar nan tana lilo kamu biyu daga hannunsa. In ya kama ta, ya kama ɗibar itace har ƙarshen rayuwar jirgin, da sunan da ba zai goge ba a Tungar Makau.

Ya ce, "Wuce abinka, Jatau. Muna duba wani abu ne."

"To a duba lafiya! In kun kai teku ku gaida mutanen can!"

Jirgin fetur ya wuce ya bar su suna tangaɗi cikin igiyar ruwansa.

Inna Tumba ta ce, "Bagudu, ka tambayi mijin Auta, abin da ake dubawar zai kai azahar? Masu saro daga azahar suke ɗaure kaya."

Sarkin Ruwa ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Ya yi ajiyar zuciya. "Kai, wannan iska! Daga bayanmu take, tiryan-tiryan zuwa kasuwa. Marigayi mahaifinka da ya samu irinta, da tuni yana cinikin gishiri."

Malam Arzika ya miƙe tsaye don ya hango ko ruwa ya kai su ina. Miƙewarsa ke da wuya iska ta shiga babbar rigar nan ta ƙasa, ta cika ta fam, ta kumbura kamar tanti. Ya ware hannuwa don kada ya faɗi. Jirgi ya yi wani ɗan motsi, ruwa ya fara ƙara a gabansa.

Sarkin Ruwa ya daka tsawa, "Tsaya haka! Kada ka motsa!"

"Ranka ya daɗe..."

"Na ce kada ka motsa! Buɗe hannun sosai!"

Malam Arzika ya gane abin da ake nufi, ya ji kamar ruwa ya tsage ya shige. Ya yi ƙasa da murya. "Bari in tuɓe ta, a rataya."

"A rataya jikin me? Gorar tana cikin murhun Gwamma. Kuma me ke ƙarƙashin rigar?"

"Singileti."

"Gaban Inna?"

Maganar tuɓewa ta mutu nan take. Sarkin Ruwa ya kama gefen rigar na dama ya ɗaure a bakin jirgi, ya kama na hagu ya ɗaure a ƙafar faifai, ya koma baya ya riƙe sandar injin da ya mutu yana karkata jirgi da ita. Malam Arzika na tsaye a tsakiya, ƙafafu a ware, hannuwa a miƙe, hula ta karkace, ba damar gyarawa. Jirgi kuwa ya kama hanya, ba da gudu ba, amma ba tsayawa.

Inna Tumba, wadda ta yi shekara sittin tana tsallaka ruwan nan, ba ta iya ganin zani a karkace ta yi shiru ba.

"Bagudu, ka ce wa mijin Auta ya ɗaga hannun hagu, iska na zubewa."

Hannun hagu ya ɗagu.

"Ka ce ya ɗan juya gabas. Ba haka da yawa ba. Yauwa. Ka ce ya daina numfashi da ƙarfi, rigar na lotsawa."

Sa'a guda da 'yan mintoci suka yi a haka. Kafaɗunsa suka mutu, gumi ya jiƙa sitacin, wani tsuntsun ruwa ya yi shawagi kansa sau biyu kamar mai tunanin sauka. Duk lokacin da hannunsa ya fara yin ƙasa, sai ya ji "Bagudu, ka ce..." ya mayar da shi tun ba a ƙarasa ba.

Jatau ya riga ya kai labari, saboda haka kasuwa ta tashi ta dawo bakin ruwa. Masu nama suka baro tukuba, masu awo suka baro mudu. Aka yi tsit ana kallon wani farin abu mai hula yana matsowa. Da aka shaida shi, sowar da ta tashi sai da ta kori tsuntsaye daga bishiyoyin gaɓa.

Jirgi ya soki yashi. Aka kwance Malam Arzika, aka sauke masa hannuwa ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙi sauka da kansu. Masu saro suka yi caa kan kwandunan Inna. Shi kuwa, ko ruwa bai nema ba, ya gyara hula ya fuskanci Sarkin Ruwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, a yi mini adalci. Filafili ya taɓa ruwa?"

"Bai taɓa ba."

"Wani jirgi ya ja mu?"

"Bai ja ba."

"Ka iso tsallake ko ba ka iso ba?"

"Ga ni a tsallake."

"To sharaɗi ya cika. Ina neman izni."

Jama'a suka kaure da gardama, wasu na cewa gaskiyarsa, wasu na cewa wannan ba jirgin batir ba ne, jirgin shadda ne. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce shi kam abin ya fi ƙarfin kansa, amma akwai wadda ta girme su duka a ruwan nan, da ita kuma aka yi tafiyar. Ya juya wajen Inna Tumba, wadda ke zaune kan kwandon da aka juye tana ɗaure bakin zaninta.

"Inna, ke fasinja ce, kin ga komai. A ba shi, ko a hana shi?"

Malam Arzika ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Tsohuwa ta gama ɗaurinta a tsanake, ta jawo sandarta, ta miƙe.

"A ba shi mana, Bagudu, ai ya kawo mu. Sai dai a riƙa sanar da fasinja tun da wuri: ranar da Auta ta wanke rigar, ba jirgi."